Sunanka Yana Littafin Baftisma, Ƙafarka Fa?

Ɗana, 'yata, a ofishin farish ɗin da aka yi muku baftisma akwai wani ƙaton littafi mai kaurin bango wanda ba na jin kun taɓa ganinsa. A ciki an rubuta sunanku, da na iyayenku, da na wanda ya tsaya muku uban baftisma ko uwar baftisma, da ranar da aka zuba muku ruwa, da sunan Fadan da ya zuba. A gefen layinku an bar fili da gangan. Ranar da Bishof ya shafa muku man tabbatarwa, a filin nan ake rubutawa. Ranar da kuka yi aure, ko a Legas aka ɗaura ko a Maraɗi, Fadan can zai aiko da takarda a shigar. Wanda ya zama Fada, ko wadda ta ɗauki alkawarin zama Sista na har abada, nan labarinsu yake dawowa. Ikilisiya ba ta wasa da lissafin 'ya'yanta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, da yawanku littafin nan kaɗai ya san ku. Katikis bai san ku ba. Tsofaffin bencin gaba in sun gamu da ku a kasuwa ba za su iya cewa ga ɗan gidan wane ba. Ba laifi nake ɗora muku ba. Makaranta da neman abinci sun watsa ku, mu manya kuma ba kullum muke sakar muku fuska ba. Amma na daɗe ina zama a majalisar farish, na ga inda wannan baƙunta take kai mutum, gwamma in faɗa muku tun da sauran rana.

Takan ɓuya shekara da shekaru, sai ranar buƙata ta fito fili. Saurayi ya zo neman takardar shaida zai yi aure a wani gari, Fada ya waiwayi katikis, katikis ya waiwayi shugaban matasa, kowa ya girgiza kai. Ko kuma, Allah ya kiyaye, hatsarin mota ya ɗauke yarinya, iyaye su zo da kuka, a tambaya wace ƙungiya take, a yi tsit. Ni ba na cikin masu cewa sai an duba katin biyan kuɗi kafin a yi wa mamaci addu'a. Wannan ɗabi'a ba ta yi mini ba, kuma na sha faɗa a gaban masu yin ta. Amma Fada zai yi Mas ya tafi. Masu haƙa kabari, da masu kwana a gidan makoki, da masu ɗora tukunya don baƙin da suka zo daga ƙauye, da wadda za ta dawo bayan wata biyu ta zauna da uwar yarinyar lokacin da kowa ya watse, waɗannan ba doka ke kawo su ba. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar da ta je ita ake rama wa.

Mu fara da safiyar Lahadi, tunda nan kowa yake ganin kowa. Akwai wata jama'a da ta kafa nata cocin a gindin dogon yaro, kusa da inda ake ajiye babura. Sukan iso ana tsakiyar wa'azi, su tsaya da waya a hannu, in an ɗaga Jikin Almasihu su ɗan sunkuyar da kai, ana fara sanarwa su tayar da babur. In ka tambaye su ko sun je Mas, su ce ƙwarai kuwa. Ɗana, in kana cikinsu, bari in nuna maka abin da ke wuce ka. Karatun Lahadi ba kame-kame ake yi ba, an tsara shi ya zagaya cikin shekara uku. Shekarar farko ana bin Bisharar Matiyu, ta biyu Markus, ta uku Luka, Yohanna kuma yana shigowa musamman a lokacin Azumi da na Ista. Mafi yawan Lahadi, kafin Bishara akwai karatu daga Tsohon Alkawari da aka zaɓo don ya dace da ita, sai Zabura, sai wasiƙun manzanni. Wanda ya riƙa zuwa kan lokaci shekara uku, kunnensa a buɗe, ya ji rayuwar Yesu da koyarwarsa daga bakin marubuta Bishara huɗu. Wanda yake isowa bayan an rufe littafi kuwa, shi ne gobe abokinsa na makaranta zai ce masa 'yan Katolika ba sa karanta Littafi Mai Tsarki, ya rasa ta cewa, har ya fara yarda.

Kuma ba da sauƙi karatun nan ya iso kunnenku da harshen da kuke ji ba. Iyayenmu da Latin suka yi sujada, Fada yana fuskantar bagade, su suna durƙushe a bayansa suna jan rosari don ba sa jin abin da yake faɗa. Babban taron Batikan na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, shi ya buɗe ƙofa. Takardarsa kan sujada ta fito a Disamban 1963, daga nan sannu a hankali Hausa ta hau bagade, ganga da tulu da kacau-kacau suka shigo coci. Shi ya sa nake mamakin masu ganin Mas ɗin Turanci na wayayyu ne, na Hausa kuma na 'yan ƙauye. Tun daga firistocin mishan na SMA uku da suka sauka Shendam a 1907, ba da Turanci bangaskiyar nan ta shiga ƙauyukan Arewa ba. Malaman katikizim ne suka kai ta a kan keke, da Hausa da harsunan gida, irin waɗanda ake horarwa a cibiyar Malumfashi. Daga ƙasar Malumfashin nan Gerald Mamman Musa ya fito, wanda ya zama Bishof na farko na sabon dayosis ɗin Katsina a 2023.

Sanarwa kuwa, na yarda takan yi tsawo, wani in ya riƙe lasifika ba ya son saki. Amma a nan ake jin wanda ke kwance a asibiti, da gidan da aka yi rasuwa, da waɗanda ake kiran aurensu, da unguwar da sharar Asabar ta faɗo kanta. Mai fita kafin sanarwa ya yi sujada da mutane bai ji labarinsu ba. Ku tsaya a sa muku albarkar sallama. Kasuwa ba za ta tashi ba.

In kuna so ku ga abin da ke riƙe da farish, ku zo ranar Asabar da la'asar. Za ku tarar mata sun ɗaure ƙugu suna yayyafa ruwa a daɓe kafin shara, don kada ƙura ta tashi ta sauka kan bagade. Wani dattijo yana bayan ɗakin ajiye kaya yana hura gawayi a dutsen guga, don wuta ta ɗauke, farin ƙyallen bagade kuma ba ya hawa a yamutse. Yaran bagade suna kankare kakin kyandir da ya daskare a alkuki, ƙaraminsu yana koyon kaɗa kaskon turare yadda ba zai watsa wa Fada garwashi a riga ba. 'Yan kwaya sun maimaita baiti ɗaya har muryar malaminsu ta dishe. A gindin mangwaro katikis ya tara yara, yana tambaya suna amsawa baki ɗaya. Wani ya tafi da jarka neman man janareta da kuɗin aljihunsa, za a biya shi in an tuna. Duk cikinsu, in ka cire katikis da ɗan abin da ake ba shi wanda bai taka kara ya karya ba, babu mai albashi. Gobe da safe ku shigo ku tarar da komai tsaf, har wani ya yi tsaki wai lasifika tana ƙara.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, hannuwan da ke ɗauke da wannan kuwa sun fara rawa don tsufa. Ku zaɓi aiki ɗaya. Ɗaya tak. Na ga masu zafin nama da suka shiga kwaya da ƙungiyar matasa ta CYON da masu tsaron ƙofa duk a wata guda, kafin Kirsimeti ba a ganinsu ko'ina. Mai murya ya je kwaya, ya kuma yarda a gyara masa. Mai iya karanta Hausa babu in'ina ya shiga cikin masu karatu, don muna da ƙarancinsu fiye da yadda kuke zato. Masu digiri da yawa in an miƙa musu littafin Hausa sai gumi. Wanda zuciyarsa ke wajen marasa lafiya da waɗanda suka daina zuwa coci, ga Rundunar Maryamu, wadda Frank Duff ya kafa a Dablin a 1921: taro sau ɗaya a mako, ziyara ta awa biyu, mutum biyu-biyu, a dawo a ba da rahoto. Wanda ya fi damuwa da mai jin yunwa, ga ƙungiyar Vincent de Paul. Kada ku ce ta tsofaffi ce don tsofaffi kuke gani a ciki. Frédéric Ozanam yana ɗalibin jami'a a Paris, ɗan shekara 20, suka kafa ta da abokansa a 1833, bayan wasu ɗalibai sun ƙalubalance su su nuna abin da bangaskiyarsu take tsinana wa talaka. A taronsu jaka ake zagayawa da ita, kowa ya tura hannu a dunƙule, ba wanda ya san abin da wani ya saka. Ƙungiyarku ta matasa ma ina son ta, coci da babu dariyar matasa ya kusa rufewa. Sai dai na lura ranar zaɓen shugabanni zaure ba ya ɗaukar jama'a, ranar zuwa gidan yari ko asibiti kuwa da yatsun hannu ɗaya ake ƙirga ku.

'Yata, ke da kika yi aure kwanan nan kika ce Zumuntar Mata ta waɗanda ba su yi boko ba ce, ki sake shawara. Matan nan masu zane iri ɗaya, masu buga tulu suna rangaji, su ne ƙashin bayan duk farish ɗin da na sani a Arewa. Ranar da kika haihu su za su zo da itace da sabulu da garin kunu. Ranar da zama ya yi ɗaci tsakaninki da maigida, a cikinsu akwai wadda ta ga irinsa tun ba a haife ki ba, ta san inda ake taka ƙafa. Adashinsu ya biya kuɗin makarantar yaran da yau suke raina su. Gaskiya ne wasu bakinsu da kaifi, za su yi magana kan tsawon siket ɗinki da irin kitsonki, kuma na sha roƙonsu su sassauta. Ki shiga da iliminki, ki riƙe musu littafin lissafi, ki karanta musu takardar likita, ke kuma ki kwashi abin da ba a koyarwa a jami'a. Da tsohuwar zuma ake magani.

Da zarar kun shiga aiki za ku gamu da abin da ya fi kome raba 'yan'uwa a coci, wato kuɗi. Lokacin godiyar kaka ana kawo doya da buhunan masara da awaki gaban bagade, a fita waje a yi gwanjo, abin gwanin sha'awa. A nan ne saurayi yake jin lasifika ta ambaci sunansa, 'yan mata suna kallo, ya ɗaga hannu ya yi alkawarin abin da albashinsa na wata uku bai kai ba. Sai a shiga sabuwar shekara kwamiti na bin sa, shi yana canja ƙofar shiga, daga baya ya canja Mas, daga baya a daina ganinsa. Ba wanda ya kore shi. Ɗana, ɗari biyar da ka miƙa ta fi dubu hamsin da ka furta.

In kuma aka damƙa maka kuɗin ƙungiya, ka ji tsoronsa. Na san wani yaro mai hankali, ma'ajin matasa, wanda ba ɓarawo ba ne ko kaɗan. Kuɗin tafiya taro yana hannunsa, wata larura ta taso, ya ce bari in taɓa in mayar ƙarshen wata. Ƙarshen wata bai cika ba, sai ya zuba ragowar a cacar ƙwallo ta waya wai ya cike gurbin. Ranar ba da rahoto bai zo ba. Iyayensa sun biya, an yafe masa a gaban kowa, amma kunya ta hana shi sake taka harabar cocin da ya girma a ciki. Kuɗin jama'a ba ya kwana a aljihunka ko a asusunka na kanka. A ƙirga a gaban mutum biyu ko uku, a rubuta, a sa hannu, a kai banki a asusun da sai da sa hannun mutum biyu ake cirewa. Wanda ya ce wannan rashin yarda ne, ka tuna masa dokar Ikilisiya ta 1983 ta wajabta wa kowane farish kwamitin kuɗi da zai taimaki Fada kansa. In ba a bar Fada shi kaɗai da lissafi ba, kai wane ne? Kuna kuma da iko ku tambayi inda baikonku ya tafi, cikin ladabi, a wurin taro, ba a WhatsApp da tsakar dare ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar da na fi tsoro a farish ɗinmu na birni kuwa ita ce ta ƙabila. Dubi benci ɗaya a Kaduna ko Jos ko Kano: Bajju, Atyap, Tibi, Ibo, Berom, Ngas, Idoma, Bahaushe, duk layi ɗaya suke bi zuwa bagade. Amma da an ce an turo sabon Fada, tambayar farko ita ce ɗan ina ne. A gare mu kuka gaji wannan, ba ku kuka ƙirƙira ba, amma ba dole ku miƙa wa 'ya'yanku ba. Ku tuna Ahiara, a jihar Imo. A ƙarshen 2012 aka naɗa Peter Okpaleke Bishof ɗin can, firistoci da jama'a da yawa suka ƙi shi don ba ɗan yankinsu ba ne. Aka kwashe shekara biyar bai zauna a kujerarsa ba, har a 2017 Fafaroma Francis ya umarci kowane Fada na dayosis ɗin ya rubuto takardar neman gafara cikin kwana 30. A 2018 Bishof ɗin ya ajiye muƙamin don a zauna lafiya, a 2022 kuma aka ba shi jar hular Kadinal. Jama'ar da suka yi shekaru babu Bishof zaune a cikinsu, su suka biya kuɗin rigimar.

Na san wasunku da safe suna wurinmu, da dare suna wani zaure inda aka yi musu alkawarin aiki da miji da biza kafin ƙarshen wata. In na yi magana sai a ce, Baba, ai gida biyu maganin gobara. Ba zan zagi cocin kowa ba, akwai masu tsoron Allah ko'ina, na kuma san abin da ke kai ku: shekaru da gama bautar ƙasa babu aiki ba wasa ba ne. Amma taura biyu ba ta taunuwa. Na ga gidan da aka gaya wa jika cewa kakarsa ce ta ɗaure masa arziki, ya dawo ya daina cin tuwonta. Aikin bai zo ba, tsohuwar kuma ta tafi da baƙin ciki. Yawanci abin da ke jawo haka shi ne karatun addininku ya tsaya ranar da aka yi muku tabbatarwa. Kuna tarar tambayoyin ɗan shekara talatin da amsoshin ɗan shekara goma sha biyu, kamar mai kokawa da rigar da aka ɗinka masa yana firamare. In ta yage ba laifin tela ba ne. Ku kawo tambayoyin gida. Me ya sa muke girmama Maryamu, me ya sa muke yi wa matattu addu'a a watan Nuwamba, me ya sa ake yi wa jarirai baftisma, duk suna da amsa, kuma Fada nagari ya fi son mai tambaya da mai sulalewa. In addu'a mai zafi da tafi kuke so, ƙungiyar Karismatik tana cikin gida.

Wasu kuma nauyin zuciya ne yake ɓatar da su. Mutum ya yi shekaru bai je furcin zunubi ba, kullum yana cewa sai na gyara tukuna. Ai don gyaran aka kafa wurin, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da ka faɗa wa Fada a can ba shi da ikon faɗa wa kowa, ko Bishof, ko alƙali, ko mahaifinka. Wanda ya tona, a take ya fitar da kansa daga tarayyar Ikilisiya, sai Roma ce ke kwance shi. In kana jin nauyin Fadanku don ya san muryarka, hau babur ka je farish na gaba.

Tunda na ambaci Fada, bari in faɗi wata magana da a zamaninmu ba a faɗa. Ku girmama firistocinku, ku yi musu addu'a. Da yawansu suna kwana a ƙauyukan da hanyarsu kaɗai ta isa ta hana mutum barci. Amma farar riga ba ta mai da mutum mala'ika. 'Yata, in wani, Fada ne ko katikis ko malamin kwaya, ya nemi abin da kika san bai dace ba, ki ƙi, ki fita, ki gaya wa mahaifiyarki ko wata babba da kika yarda da ita, a kai maganar ofishin Bishof, in ta kai ga hukuma a kai. Tun 2019 Fafaroma Francis ya kafa doka cewa kowane dayosis ya tanadi hanyar karɓar irin wannan ƙara. Yin shiru ba kare Ikilisiya ba ne. Kai ma ɗana maganar ta shafe ka, da ƙannenka masu hidimar bagade.

Aure kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da na fi gani yanzu shi ne a biya sadaki, a yi na gargajiya, a tare, a ce na coci sai an tara kuɗin zaure da anko da kek mai hawa uku. Shekara ta zama biyar, yara sun tasa, miji da mata suna zaune a benci lokacin da ake karɓar Jibi. Alhali abin da Ikilisiya take nema kaɗan ne: ku biyu da yardarku, Fada ko dikin, da shaidu biyu. Sauran duk mu muka ɗora wa kanmu. Ana iya ɗaura aure a Mas ɗin safiyar Talata a koma gida a sha kunu, kuma ya ɗauru daidai da na ɗan gwamna. Ku dai je wurin Fada da wuri, watanni kafin ku buga kati, don akwai ajin shiri, akwai kiran suna a coci Lahadi uku, akwai sabuwar takardar baftisma da za a karɓo daga inda aka yi muku. In wanda kike so ba ɗan Katolika ba ne, ko ba Kirista ba ne, akwai izinin da ake nema wurin Bishof, ba a ɓoye ake yi ba. Gwajin jini kuwa ku yi shi tun soyayya ba ta yi nisa ba. In ku biyu AS ne, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Na zauna da ma'auratan da suka ce bangaskiya za ta canja jini, na kuma gan su a asibiti cikin dare, yaro yana murƙususu. Mu iyaye ma da namu a nan: mai tsawwala kuɗin aure shi ke jinkirta wa 'yarsa albarkar bagade.

Ba zan yi kamar ban san ƙasar da muke ciki ba. Mun ga harin Madalla ranar Kirsimetin 2011, mun ga na cocin St. Rita a Malali cikin Kaduna a Oktoban 2012, mun binne Michael Nnadi, ɗalibin makarantar firistoci ta Good Shepherd, ɗan shekara 18, a farkon 2020. Don haka in yaran ƙofa sun ce a buɗe jaka ko a ajiye mota nesa, ku yi ba gardama, in da hali ku karɓe su aikin wata Lahadi su ma su zauna su ji wa'azi. Amma kada tsoro ya koya muku ƙiyayya. Maƙwabcin da ke aiko mana naman layya, mu aika masa shinkafar Kirsimeti da cincin, ba shi ya yi wannan ba, shi ma ya binne nasa. Taron Batikan na biyu ya fitar da takarda a 1965 da ta hore mu da girmama Musulmi da neman fahimtar juna. Ranar Almasihu Sarki, a ƙarshen Nuwamba, da muke fita zagayen gari da Jikin Ubangiji (mu a Najeriya sai ranar muke yi, don asalin idin Jikin Ubangiji yana faɗowa cikin damina), unguwa duka tana kallon yadda kuke bin hanya da yadda kuke yi wa mai motar haya da ya ƙosa magana. Saƙon da aka turo muku a waya cewa an kai hari wuri kaza, kada ku tura gaba sai kun tabbatar.

Da yawanku za ku bar gida bana, wasu jami'a, wasu bautar ƙasa, wasu Abuja neman aiki. A nan aka fi ɓacewa, don babu uwar da za ta buga ƙofa da asuba. Makon farko, tun kafin ku gano inda ake sayar da abinci mai araha, ku nemi cocin Katolika mafi kusa. A jami'a ku tambayi 'yan NFCS, ƙungiyar ɗaliban Katolika. Bayan Mas kada ku bi ta ƙofar baya. Ku sami katikis, ku gaishe shi, ku faɗi farish ɗin da kuka fito da unguwar da kuka sauka, sannan ku tambaye shi wane aiki ne ya rasa hannu. Wataƙila ya ce ajin yara na Asabar. Wataƙila ya ce akwai wani ƙaramin coci a bayan gari da Fada ba ya samun zuwa sai sau ɗaya a wata, suna neman mai yi musu karatu. In ya ce ku dawo Laraba ƙarfe huɗu, ku isa huɗu saura kwata.